Ranar Da Shekari Ya Katse Wa Baba Gaisuwa

"Henry?! Mahaifin nawa ka kira da Henry, gatsal, a gaban duniya?"

Shekari ya dafe kai. "Clara, masoyiyata, dokar kwamitin ce! Ba Farfesa, ba Dakta, kowa da sunansa..."

"To ka je ka auri kwamitin!"

Kwamiti ne na masana irin masara daga ƙasashe daban-daban, ta kwamfuta suke taro. Baba, tsohon malamin aikin gona a Samaru, yana ciki. Shekari, wanda zan aura, shi ke shugabanta.

A taron ranar, da aka ba Baba dama, ya fara yadda ya saba: ya gajiya, ya iyali, ya ruwa a wajenku? Bai ko kai ga masarar ba Shekari ya ce, "Henry, lokaci ya ƙure," ya rufe masa murya. Baba ya yi ta magana shi kaɗai, baki na motsi, Turawa na kallo.

Ranar Baba ya ce kada dangin Shekari su taso daga Sabon Gari neman aurena.

Na yi kuka, na yi roƙo, a banza. Shi kuma gogan, da na kira shi a waya, ga taurin kai!

"In na ce Baba, za su ce ina son kai..."

"Mutumin Japan ɗin nan fa? Kullum sai ya sunkuya kafin ya yi magana, ka taɓa katse shi? Tasu ce al'ada, tamu ɓata lokaci ko?"

Na kashe wayata, raina a ɓace.

Ranar taro na gaba na kawo wa Baba shayi, ya haɗe rai kamar hadari. Sai ga Shekari a allon kwamfutar, ya cire hula.

"A wajenmu ba a shiga magana sai an gaida babba," ya ce musu da Turanci. "Na yi kuskure."

Ya ture kujera ya durƙusa. Sai ya ɓace daga allon ɗungurungum, muryarsa kawai ake ji.

"Baba, ina kwana? Ya gajiya? Ya iyali?"

Baba ya kurɓi shayinsa, sannan ya ce:

"Iyali dai ga ɗaya nan ta ƙi cin abinci saboda kai. Tashi mu gan ka, ɗana. Ka turo manyanka."

Ya juyo gare ni. "Ke kuma share hawayenki, Turawa na kallo."