Baƙon da Ya Faɗo Daga Sama

Ranar da aka yi saukar Alƙur'ani ta shekara a gidan Famau, a garin Mambrui da ke bakin teku, komai ya tafi lafiya lau. An ci shinkafa da madarar kwakwa, an sha gahawa, maƙwabta sun watse. Matarsa Mwanaidi tana kankare tukunya a tsakar gida, 'yarsu Zuhura, budurwa mai shekara goma sha tara, tana naɗe tabarmi. Ladan bai gama kiran magariba ba dutse na farko ya sauka a kan kwanon rufi.

Famau ya fita da takalmi ɗaya a ƙafa yana zagin 'ya'yan mutane, amma lungun babu kowa. Ya ɗauki dutsen. Jiƙe yake sharkaf, da baƙin taɓo mai wari irin na mikoko, kurmin nan da ke tsaye cikin ruwan gishiri, tafiyar awa biyu a kwalekwale daga garin. Yana cikin juya shi na biyu ya faɗo, sannan na uku. Da ya koma ciki sai ya tarar da Zuhura tsaye gaban hoton da ke rataye a bangon zaure, tabarma na hannunta, ba ta ko ƙifta ido.

Hoton ya girmi kowa a gidan. Wani farin saurayi ne da hular fata, yana murmushi, ya jingina da jirgin yaƙi mai fukafukai hawa biyu. Kakan Famau, masunci Kombo, shi ya tsinci gawarsa a cikin mikoko a zamanin yaƙin Turawa, kusa da tarkacen jirgin. Ya binne shi a wani tudun yashi, ya taho da hoton da ya samu a aljihunsa. Don kada ya lalace sai ya shafa masa danƙo a baya ya manna shi a jikin allon katako. Kombo bai iya karatun boko ba, bai san abin da ya rufe ba.

Tun daga nan, duk shekara idan an karanto sunayen mamatan gidan, akan ƙare da cewa, "Da baƙon da ya faɗo daga sama, Allah Ya san sunansa," sannan a miƙa kwanon abinci ga baƙon farko da ya gifta ƙofar. Mahaifiyar Famau ta riƙe wannan har ta koma ga Allah bara. Bana takardar sunayen ta dawo hannun Famau, shi kuwa mutum ne mai son tsari, mai ganin na da duk sun cika camfi. Da ya zo sake kwafe ta sai ya tsallake layin ƙarshe. Ba danginsu ba ne, ba addininsu ɗaya ba, ko sunansa ba su sani ba, to na mene ne?

Jifan bai ƙara tsallake magariba ba. Zuhura ta daina ci, ta daina magana. Da rana ta karkata sai ta kwanta ruf da ciki a ƙasa, tana jan jiki da gwiwar hannu kamar mai karyayyen baya, tana kore wani abu daga fuskarta wanda ba wanda yake gani. An kai ta asibiti har sau biyu, aka ce lafiyarta ƙalau. Mwanaidi ta yi kuka har muryarta ta dishe. Maƙwabtan da suka sha gahawarsu suka koma bin wani lungun.

A kwana na talatin da uku aka ɗauko Malam Shee, tsoho mai ido ɗaya wanda ba ya gaggawa a komai. Ya sa aka turara lubban, ya zauna daf da kan Zuhura yana karatu a hankali. Can sai yarinyar ta ɗago kai. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, mai kauri, kamar ana magana daga cikin randa.

"Ya isa, Malam. Ni ma na san ayoyin nan."

"To bawan Allah, me yarinya ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta za ka tambaya."

Famau ya zauna a inda yake.

"Mutumin hoton nan a gidana ya faɗo, cikin mikoko," in ji muryar. "Kwana biyu yana kwance cikin taɓo, bayansa a karye. Ni na yi ta kore masa ƙaguwa daga fuska. Bai gan ni ba, amma ya san akwai wani kusa. Yana ta faɗin sunansa, yana roƙo a kai wa uwarsa. Na ce masa na ɗauki alkawari. To aljani irina idan ya shiga gidan mutane ɓarna yake yi, sai na biyo hoton na zauna a gefe. Duk shekara ina jin an ambace shi, in ce to, ba a yar da shi ba. Bana na kasa kunne har aka shafa fatiha."

"Zan mayar da layin," in ji Famau. "Wallahi yau ɗin nan zan mayar."

"An wuce nan. Sunansa nake so a kira a gidan nan, na gaskiya."

"Ai kai ka ji shi da kunnenka," in ji Malam Shee. "Faɗa mana mu kira."

Muryar ta ce, "Kwana bakwai na ba ku."

Da tururin buta suka ɓamɓare hoton daga allon. Akwai rubutu a baya, layi uku, amma danƙo da iskar gishiri sun cinye shi, sai ɗigo-ɗigon shuɗi kawai. Famau ya hau mota zuwa Mombasa wurin wani tsoho, Mista Pinto, mai ɗaukar hoto, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana tara hotunan jiragen yaƙin nan. Tsohon ya daɗe yana duba shi da gilashin ƙara girma.

"Jirgin na san shi, na 'yan Afirka ta Kudu ne," in ji shi. "Lambar da za ta gaya mana komai ga ta nan, ya tare ta da kafaɗarsa. Da ya matsa taku ɗaya, ɗan banza, da mun gama." Ya buɗe wani littafi da asu ya ci gefensa. "Goma sha ɗaya ne suka ɓace a gaɓar nan ba a gan su ba. Biyu kaɗai nake da hotonsu, kuma ba shi ba ne. Iyayensu sun mutu, ƙannensu sun mutu. Ni ma da nake tambaya, ka gan ni nan, saura ƙiris."

Ya rubuta masa sunaye tara a takarda.

Magaribar kwana na bakwai Malam Shee ya dawo. Famau ya durƙusa gaban 'yarsa yana karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya, harshensa na tuntuɓe a kansu. Bayan kowane suna sai ya dakata ya dubi fuskarta. Ya kai na tara. Ana jin teku daga nesa.

"Sake karantawa," in ji muryar.

Ya sake. Sai hawaye suka fara zuba daga idon Zuhura, fuskarta kuwa ko motsi.

"Wanne ne a ciki?" in ji Malam Shee a hankali.

"Ban sani ba," in ji muryar. "Na riƙe shi shekara da shekaru, ina maimaitawa da kowace cikar ruwa. Wata rana na buɗe baki na tarar babu. Na ɗauka idan na ji zan gane."

Tausayi ya kama Famau, ga tsoro, ga kunyar abin da ya yi da alƙalaminsa. Malam Shee ya ce, "To ga sulhu. Za a riƙa kiran tara ɗin duka kowace shekara, a fitar da abinci. In yana ciki, an kira shi. Ka sakar mana yarinya."

Muryar ta ce, "In ba ya ciki fa?"

Malam Shee ya ƙara lubban a wuta.

"Na yarda, na gaji," in ji muryar. "Amma ku sani, kwana arba'in na yi ina tone-tone a kanta, ko zan samu sunan a cikin abin da kakarta ta gaya mata. Inda na tona ba zai koma yadda yake ba. Ba da gangan na yi ba."

Zuhura ta yi atishawa sau uku ta sulale. Ba a ƙara jin jifa a gidan ba.

Da safe ta tashi ta nemi abinci. Ta gane uwarta, ta gane ɗakinta, ta gane har akuyar maƙwabta. Da Famau ya shigo da gudu sai ta ja mayafinta ta rufe kai.

"Inna, kin yi baƙo," ta ce.

Malam Shee ya yi karatu har wata uku, daga baya ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Kullum a gaya mata wannan babanta ne, ta ce to cikin ladabi, kafin magariba zancen ya zube mata. Famau ya rame, ya daina musu da kowa a kan komai. Ya je aka ɗauke shi hoto, ya rubuta sunansa a baya da boko da ajami, manya-manya, ya rataye kusa da na matuƙin jirgin, ba danƙo ko ɗigo.

Zuhura ce ke goge hotunan duk yamma. Ran nan Famau yana tsaye a bakin ƙofar zauren ta goge na farko, ta goge na biyu, ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta juyo ta gaida Famau kamar yadda ake gaida baƙo, ta nuna hotonsa da tsumman da ke hannunta.

"Malam, shi wannan fa? An gano ko wane ne?"