Kwali na Goma Sha Biyu

Ƙarfe tara na safe, ana yayyafi, Insifekta Tarun Bagchi ya hau bene na uku na wani tsohon gida a unguwar Shyambazar. Yana haki yana tsaki. Duk laifukan da ke Kolkata, wai kayan wasan yara aka turo shi nema!

Nirmal Sanyal, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya nuna masa kabad. Kwalaye goma sha ɗaya ne a jere, wasa irin na ludo, kowanne da hoton Tinkori da akunsa, zanen ban dariyar da jarida ke bugawa lokacin Nirmal yana yaro.

"Sha biyu ne, Insifekta. Shekara talatin ina yawon kasuwa kafin su cika. Juma'a gidan tarihi zai karɓa, in koma Pune wurin ɗiyata. Sun ce in ba cikakku ba ne, ba sa so."

"Wa ke shigo maka?"

"Shefali mai aiki. Sai abokina Haripada, duk Lahadi." Ya kau da kai. "Shi ke nan fa."

Ba a ɓalle kwaɗo ba, kuma ɓarawon har mayar da ƙyallen rufi ya yi, tsaf.

Shefali ta dafe ƙirji. "Ni? Mutumin da ko ƙura bai yarda in goge ba! Kowane kwali sai ya cusa masa busasshen ganyen darbejiya, wai kada ƙwari su ci. In kai wannan warin ɗakina?"

Daga nan Insifekta ya wuce gidan Haripada Ghosh da kofur ɗinsa. Ɗaki ɗaya gare shi: gado, murhu, kofi guda. Abin ya sosa ran Insifekta, don shi ma kofi guda ne a gidansa.

"Gwiwa ta hana ni hawa bene tun Lahadi," in ji tsohon. "Ni ina ruwana da shirmen Nirmal?"

A bakin taga an baza ganyen darbejiya a kan jarida, ya bushe ƙayau.

"Wannan fa, dada?" in ji Insifekta, wato yaya a harshensu.

"Na soyawa da yalo ne."

"Haba dada! Sabon tofo ake soyawa. Wa ke cin busasshe? Ba ka da littafi ko ɗaya, me kake tsare wa ƙwari?"

Kofur ya durƙusa ya jawo kwalin daga ƙarƙashin gado, an naɗe shi da mayafi.

Aka kai Haripada gidan Nirmal, a gabansa ya amsa laifinsa, kansa a ƙasa.

"Talata na shiga da makullin da ka ba ni ajiya, kana asibitin ido. Ba sayarwa zan yi ba. Cewa na yi in ba su cika ba, ba za ka tafi ba. Ni wa zan je wa ran Lahadi?"

"Kai tsohon banza!" in ji Nirmal. "Bakinka ciwo yake? Da ka ce in zauna!"

"Da ka zauna?"

Nirmal ya dafa aljihu. Tikitin jirgin ƙasa na aljihunsa tun makon jiya, kuma dukansu sun sani.

An riga an shigar da ƙara, dole Haripada ya je caji ofis ya ba da bayani. Kofur ya riƙe masa hannu suka sauka a hankali, don ciwon gwiwar gaskiya ne.

Insifekta ya juya zai bi su, sai ya ji ƙarar buɗe kwali. Nirmal ya shimfiɗa allon wasan a tebur, ya jera 'ya'ya biyu, ja da kore.

"Insifekta," ya ce, bai ɗago ba, "kana sauri ne?"