Akwatin da Ba Ya Rasa Amsa

A can wani zamani, fatake suka kawo wani akwati mai magana wani gari, suka ajiye shi a bakin kasuwa. Duk abin da aka tambaye shi sai ya amsa. Manomi ya tambaya, ya amsa. Alƙali ya tambaya, ya amsa. Sannu a hankali mutane suka daina tambayar juna, har ciyawa ta rufe hanyar gidan tsohon mai maganin garin.

Akwai wata mata mai saƙar tabarma, 'yarta ta kwanta da zazzaɓi. Ta je wurin akwatin, nan take ya faɗa mata saiwar da za ta jiƙa. Hankalinta bai kwanta ba, don ko ganin yarinyar bai yi ba. Sai ta ƙirƙiro sunan itacen da babu shi a duniya, ta ce, "To, saiwar gwandarumi fa?"

Akwatin ya ce, "Ita ma tana maganin zazzaɓi. A jiƙa a sha."

Matar ta juya ta bar akwatin. Ta ratsa ciyawa ta ɗauko tsohon. Ya taɓa goshin yarinyar, ya duba idonta, ya daɗe yana tambayoyi kafin ya haɗa magani. Bayan kwana biyar yarinya ta miƙe.

Matar ta kwashe labari ta faɗa wa maƙwabta. Sai ɗaya daga cikinsu ta ɗauki mayafinta ta ce, "Bari mu je mu tambayi akwatin ko gaskiya kika faɗa."