Mamaci Mai Amsa Ƙararrawa

Masu fasa dutse ne suka tsinci gawar da hantsin Litinin, a bakin wani tsohon rami da ruwa ya cika a Mpape. Ƙafafun na cikin koren ruwan, kan na bisa dutse.

Sufeto Mika'ilu Yelwa ya tsuguna ya juya gawar. Matashi ne, da rigar ofis, ƙeyarsa a fashe. A aljihu akwai katin aiki da waya ɗaya: Aminullahi Garba, injiniyan kwamfuta a kamfanin Ɗauko Kaya, Utako.

Kafin azahar labari ya gama gari: yaro ya ci amanar kamfani, asiri ya tonu, ya faɗa rami. Mutane na son irin wannan labari, don ba ya wahalar da kowa. Sufeto dai ya daɗe a aiki, bai cika ganin wanda ya kashe kansa ta ƙeya ba.

Matar marigayin, Maijidda, na zaune a tabarma da tsohon ciki, cikin ɗaki ɗaya a kan tudun Mpape.

"Jiya da la'asar aka kira shi, ya ce daga ofis ne," ta ce. "Ya ɗau wayoyinsa biyu ya fita."

"Biyu?"

"Tasa da ta ofis, wadda suke cewa wayar gadi. Ko wanka zai shiga tana bakin ƙofa."

Ta ɗago jajayen idanu. "Yallaɓai, shekara guda yana karɓar rabin albashi, wai sauran hannun jari ne, ƙarshen watan nan zai zama nasa. Yau sun aiko cewa ɓarawo ba shi da kaso. Ɗan da ke cikina, da wannan sunan zai tashi?"

Sufeto bai yi mata alkawari ba.

Ofishin Ɗauko Kaya na hawa na biyu, daura da tashar Utako. Manhaja suke yi mai haɗa 'yan kasuwar kayan marmari na Zuba da direbobin manyan motoci. Shugaban injiniyoyi, Jumare, ya tarbe shi da fuskar makoki da agogo mai tsada.

"Oga, abin kunya ne. Mu hayar injina muke a ƙasar waje, saba ake ce musu. Duk awar da suka yi a kunne, kuɗi ne. Yaron nan ya kunna ɗaruruwa da makullinsa na sirri, yana haƙar kuɗin intanet na kirifto da su, kamfani na biya."

"Wa ya gano?"

"Ni. Kuma na kashe su duka."

"Ina wayar gadi?"

Jumare ya ɗaga kafaɗa. "Tana ƙarƙashin ruwa, ina tsammani."

"Jiya da la'asar kana ina?"

"Gida, Gwarinpa. Ƙwallo nake kallo."

A teburin kusa da taga wata matashiyar injiniya, Elizabeth, ta ƙura wa allonta ido, yatsunta ba sa motsi. Sufeto ya tambaye ta ko ta san wani abu.

"Ni ban sani komai ba, sir."

Mai ƙarya na kallon ƙofa, in ji masu iya magana. Ita Jumare take kallo.

Washegari Sufeto ya nufi Zuba wajen wadda ta zuba jarin kamfanin, Hajiya Luba. Ya same ta tsakanin tulin kankana, tana yi wa wani direba tatas.

"Ɗana, ni ban san kwamfuta ba," ta ce. "Amma na ce musu in dukiyata na tsiyaya a tashe ni. Marigayin ya haɗa ƙararrawa. Duk lokacin da kuɗin haya ya wuce ƙa'ida, wayar gadi za ta yi kuka. In mai gadi bai danna ba, tawa ce za ta ɗauka. Kuma ba mai iya cire ta sai da yatsana."

"Ta taɓa kiranki?"

"Ko sau ɗaya."

"Har yau?"

"Har yanzu da muke maganar nan. Ka ɗau kankana ka tafi da ita."

Ranar Laraba ya tare Elizabeth a wajen mai abinci a bayan tasha, inda Jumare ba ya zuwa. Ta ajiye cokali.

"Sir, nawa kaso saura wata biyu. In na yi magana, za su kore ni kamar kare."

"Aminullahi ma jiran ƙarshen wata yake yi."

Ta ture kwanon miyar gefe. Sannan ta buɗe kwamfutarta a cinya.

"Injinan ba a kashe ba. Suna aiki. Kullum wajen sha ɗaya na safe ƙararrawa tana bugawa." Ta juyo masa allon. "Litinin, Aminullahi ya amsa. Talata, Aminullahi ya amsa. Yau ma ya amsa. Ni na je jana'izarsa, sir."

Sufeto ya ƙura wa allon ido; ya san matattu ba sa danna waya.

Ranar Alhamis da hantsi ya tara ma'aikatan a ɗakin taro, wai zai rufe fayil. Ya sa kurtu a bakin ƙofa, ya ce ba mai fita. Ya shiga karanta bayanan da kowa ya riga ya sani, a hankali, yana gyara gilashi, yana komawa baya.

Jumare ya dubi agogo. Ya sake duba.

"Oga, zan ɗan zaga."

"Ka yi haƙuri, saura kaɗan."

"Ina da mitin."

"Da wa?"

Jumare ya dubi ƙofa. Gumi ya tsattsafo masa duk da sanyin iyakwandishan.

Sai wani gurnani ya taso daga jakar da ke tsakanin ƙafafunsa. An kashe wa wayar gadi murya, amma ba ta san kunya ba, kaɗawa take kamar ƙwaro a cikin ƙwarya.

Hannun Jumare ya kai ga zif kafin hankalinsa ya hana shi. Shekaru yana wannan aiki, jikinsa ya riga ya koyi cewa ba a barin ƙararrawa ta yi kuka.

Sufeto ya riƙe wuyan hannun. "Bari na taya ka."

Ya zaro wayar. Gilashinta ya tsage a kusurwa, da ƙurar dutse a cikin tsagar.

"Ashe ta iya iyo."

Jumare ya zube a kujera. Maganar ta fito a gutsure. Shi ya kwafi makullin yaron. Da farko ya riƙa karɓar wayar gadi da sunan taimako, har Aminullahi ya bi sawun matsalar ya gano injinan, ya ce zai kai maganar Zuba.

"Na kira shi mu daidaita. Na ce mu raba, ya ƙi. Ya juya zai tafi, dutse na gefena..." Ya rufe fuska. "Wallahi ban yi niyya ba."

"Injinan fa? Su ma ba da niyya ka bar su ba?"

"Na ce tunda laifin ya riga ya hau kansa, bari su kai ƙarshen wata."

Kurtu ya danna masa ankwa. Wayar na kan tebur, tana ta kaɗawa, tana matsawa bakin katako. Jumare ya bi ta da ido.

"Oga, don Allah a danna. Yanzu za ta kai wa Hajiya."

Ba wanda ya motsa.

Suna kan matakala wayar Jumare ta ɗau ruri a aljihunsa. Sufeto ya zaro ta ya kara a kunne.

"Sufeto ne, Hajiya. Eh, dukiyarki tana tsiyaya, mun kama mai hujin. In za ki taho, ki biyo ta Mpape tukuna. Akwai mai juna biyu da za ki gaya wa da bakinki cewa mijinta ba ɓarawo ba ne, kuma kasonsa na nan."

Ya kashe wayar, ya tura Jumare cikin mota.