Allon Mai Tsire

A wani gari da ban taɓa zuwa ba, amma na san labarinsa sarai, an yi wani mai tsire a bakin hanya. Motoci na wucewa, nama na hucewa. Sai ya tafi wurin mai rubuta alluna da burushi.

"Malam, rubuta min sunana, da na ubana, da kirarina duka!"

"Haba, Sarkin Tukuba," in ji mai rubutu, "rubutun burushi mai babbar riga ne, ba ya son matsi."

Mai tsire ya kafe. Aka cusa baƙaƙe a allo kamar awaki a akori-kura. Kafin direba ya karanta rabi, ya kai gari na gaba. Motoci na wucewa, nama na hucewa.

Ya komo yana sosa ƙeya. "Shafe kirarin." Aka shafe. "Shafe Baba, Allah ya ji ƙansa." Aka shafe. Ya yi ajiyar zuciya. "Ni ma shafe ni."

Mai rubutu ya ja kalma ɗaya, ƙatuwa, ja wur, tana lanƙwasa kamar hayaƙi: TSIRE.

Tun daga nesa direbobi suka fara taka burki. Da mai rubutu ya zo ɗanɗano, albasa kawai ya samu.