Pizar Ranar Juma'a

"Ba ita ba ce!"

Wahida ta ture farantin pizar gefe, ko yankan farko ba ta cinye ba.

"Haba Wahida, ki ƙara ɗanɗanawa mana. Tun daga Largo na ɗauko ki, muka ratsa Washington zuwa Annandale, kuma loma ɗaya..."

"Na ce maka ba ita ba ce, Nazir! Ta Baba tana da wani ɗan zafi da ke zuwa daga baya, ya zauna maka a maƙogwaro. Wannan cuku ne kawai da tumatir."

Pauline, matar da ke kawo abinci, ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Tun shigowarmu na dame ta da roƙon kar a sa naman alade, a kuma canja wuƙar yanka. Na yi mata murmushin yaƙe na ce komai daidai.

Amma ba daidai ba ne. Idon Wahida ya ciko da ƙwalla.

Mahaifinta, Baba Abdul-Kabir, mutumin zangon Kumasi ne da ya shekara da shekaru yana tuƙa tasi a Washington. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya shigo gida da kwalin piza mai zafi, ya dire gaban matarsa Mma Ajara ya ce, "Ajara, Italiyawan nan fa sun iya girki!" Bai taɓa faɗin inda yake saye ba. In an tambaye shi sai ya yi dariya ya ce sirrin direba ne.

Rannan ya fita aiki, zuciyarsa ta tsaya.

Tun da Mma ta shiga takaba abinci ya fita ranta. Shayi kawai, sai ɗan burodi in an matsa mata. Abu ɗaya aka taɓa ji ta ambata, wata Juma'a tana kallon ƙofa: "Yanzu da ya shigo da pizarsa..."

Shi ya sa muka bazama nema.

"Kawunnaina sun sake kira daga Kumasi," in ji Wahida, tana murza tsumman goge baki. "Sun ce Mma na fita takaba ta koma gida."

"Ke fa?"

Ta ci gaba da murza tsumman.

"Wahida, ke fa?"

"Ni kaɗai gare ta, Nazir! In bar ta ta tafi a haka, ƙashi da fata? Wa zai tsare ta ta ci abinci?"

"Ni kuma wa zai tsare ni?"

"Kai ai kullum bakinka na motsi," ta ce tana dariya, hawaye na zubo mata.

Na so in riƙe wannan dariyar in sa a aljihu. Na san in ta bi Mma ta hau jirgi, ba dawowa za ta yi da wuri ba, kuma samarin Kumasi ba makafi ba ne.

Da ma can zancenmu bai tsaya da ƙafarsa ba. Lokacin da na fara zuwa gidansu, Baba bai kore ni ba, amma ya ce wa kawuna Barau, "Yaronka yana da kirki, sai dai ba ya zama wuri guda." Bai yi ƙarya ba. Na bar makaranta, na yi wankin mota, na yi dakon kaya a sito, yanzu ina kai wa mutane abinci gida-gida.

To wannan aikin ne ya yi mini rana. Babu lungun da ban sani ba.

Mun je wani ɗan shago a Hyattsville inda tsoho ke wurga ƙullun fulawa sama yana cafewa kamar mai wasa da faifai. Mun je wani a Silver Spring mai tandar itace, gefen pizarsu a ƙone, suka ce wai haka ake cinta a garinsu. A wani wuri kusa da unguwar Southwest, inda ma'aikatan gwamnati ke cika da rana, na ci taliya mai tafarnuwa har sai da Wahida ta sauke gilashin mota a hanyar dawowa.

"Ka matsa can, kana warin miyar Italiya!"

"Ke da kike ce wa Mma 'ya tafi, ya dawo', har kina da bakin yi wa Bakano tsiya?"

"Hausar zango ce, ɗan rainin hankali!"

Wani lokaci nakan manta abin da ya fito da mu. In ga ta ɗaga yanka, cuku na bin ta kamar zare, tana hura masa iska, sai in ji ina ma kar mu taɓa samun pizar nan, mu yi ta yawo har tsufa. Sai kuma in tuna Mma, kunya ta kama ni.

Duk wadda muka ga ta yi kama, mu kai gida. Mma ta gutsura kaɗan, ta sa mana albarka, ta rufe kwalin.

Ana saura 'yan kwanaki ta fita takaba, Wahida ta kira ni da safe. Muryarta a dashe.

"Nazir, ka zo ka kai motar Baba wanki. Za a sayar."

"A sayar? Ke nan an gama magana?"

"Don Allah kar ka sa ni kuka... ka zo kawai."

Ranar Juma'a ce. Na ƙi kai ta ko'ina, na ce ni zan wanke da hannuna. Na fitar da carbinsa, da hularsa, da dardumar salla. Da na buɗe ɗan akwatin gaban mota, sai wata 'yar kwalba ta gangaro kan kujera.

Na buɗe. Yaji ne! Yajin ƙuli mai citta da masoro, ƙamshinsa ya bugi hancina har na yi atishawa. A bayansa ga ƙaramin cokalin roba, busasshen cuku ya manne a bakinsa.

Na daɗe zaune ina kallon cokalin nan.

Ana idar da salla na tsaya a shagon piza mafi kusa da gidansu, wanda muka raina tun farko. Na sayi ta cuku zalla. A cikin motar Baba na buɗe kwalin, tururi na tashi, na ɗaga cukun a hankali na barbaɗa yajin a ƙarƙashi, na mayar na rufe.

Wahida ce ta buɗe mini ƙofa.

"Wata kuma? Nazir, mu haƙura haka..."

"Ki kai mata dai, abar ƙaunata. Wannan ce ta ƙarshe."

Na durƙusa a bakin falo na gaida Mma. Tana zaune cikin hijabi, ta rame ƙwarai. Ta gutsura kaɗan kamar kullum. Ta tauna. Sai ta tsaya cak.

"Wa ya buɗe akwatin motar?"

Na ce, "Ni ne, Mma... ki gafarce ni."

Ta rufe fuska da hijabi, kafaɗunta na rawa. Na zaci kuka ne kawai, sai na ji dariya a ciki.

"Mma, mene ne?" Wahida ta riƙe ta.

"Yajina ne, 'yar nan! Ni na daka shi da hannuna." Ta share ido. "Tun ranar farko na gane. Mace ta kasa gane yajinta? Amma yadda yake shigowa yana washe baki, wai Italiyawa sun iya girki... sai na ƙyale shi. In ya yi barci in ɗauki makulli in je in cika masa kwalbar. Har ya koma ga Allah yana zaton ban sani ba."

Wahida ta fashe da kuka. "Kin sani kika bar mu muna ta yawo?"

"Da me zan yi? In tsare ki a ɗaki ki bushe tare da ni? Kuma ina so in ga wani abu." Ta juyo gare ni. "Baban Wahida ya ce ba ka zama wuri guda. Ga shi wata da watanni kana kan abu ɗaya, don wata tsohuwa ta ci abinci."

Na sunkuyar da kai.

Ta ɗauki yankan ta cinye tas. Ta ɗauki na biyu.

"Ni zan koma Kumasi," ta ce. "Kowane titi a garin nan motarsa nake gani. Can ina da 'yan'uwa, za su cika ni da tuwo har in gaji. Amma ba zan ɗauke 'yata daga inda ake sonta ba. In na fita takaba, ka ce wa Malam Barau ya zo."

"Mma..."

"Tashi ka ba ni wuri, kafin ka cinye mini pizata da ido!"

An ɗaura aure kafin Mma ta tafi. A filin jirgi Wahida ta ƙanƙame ta har sai da aka yi kiran ƙarshe. Har yau in ta gama waya da ita, takan zauna ta daɗe tana kallon taga.

Motar ba a sayar ba, ni nake tuƙa ta. Duk Juma'a ina tsayawa a ƙofar gida in buɗe kwali, in yi abin da zan yi, in shiga ina cewa, "Wahida, Italiyawan nan fa sun iya girki!"

Ita kuma ta ce, "Wallahi kuwa."

Makon jiya na lura yajin ya kusa ƙarewa. Yau da na buɗe akwatin, na tarar da kwalbar cike har baki.