Layin da Nazifi Bai Rubuta Ba

Ku matso. Ku rage murya, kada Inna ta ji ana ambaton ɗanta.

Yaya Nazifi, Allah ya jiƙansa, shi ke kula da manyan kwamfutoci arba'in na wani kamfani a Kaduna. Saba ake ce musu. A da kowace da nata saitin. Sai ya tattara komai a fayil guda: agogo, adireshi, sunan mai kula da lambar wayarsa. Duk rabin awa sai su leƙa fayil ɗin, su daidaita kansu da abin da ke ciki.

Wata Juma'a da tsakar rana kowa ya tafi masallaci, shi ya tsaya ƙarasa aiki. Ɗakin sanyi ƙalau. Sai ya ji sallama a bayansa, alhali ƙofa na kulle.

Wani dattijo ne da farar riga. Fankoki na ta hurawa, rigar ko motsi.

"Samari, kai ka haɗa su wuri guda?"

"Ni ne, Baba."

"Abin da aka rubuta nan, duk sai sun bi?"

"Dole."

"Ko da kai ba ka so?"

Nazifi ya yi 'yar dariya, ya sunkuyar da kai. Ba ƙafa ya gani ba. Kofato ne.

Da ya ɗago, ba kowa. Amma a cikin fayil ɗin, ƙarƙashin sunansa, ga sabon layi: Ranar ƙarewar mai kula, tara ga Safar.

Ya goge, layin ya dawo. Ya bi sabobin ɗaya bayan ɗaya yana gogewa. Kafin ya kai ta goma, ta farko ta leƙa fayil ta mayar. Ya nuna wa abokin aikinsa Bulus.

"Wane layi kuma? Malam, je ka huta."

Saura kwana biyu, sai ya gwada cire sunansa ya sa na Bulus. Nan take fayil ya karɓa. Nazifi ya zauna yana kallo. A makon ne aka yi wa Bulus haihuwar fari. Saura minti ɗaya sabobin su leƙa, ya mayar da sunansa.

Ranar tara ga wata ya ci abincin rana, ya ce wa Inna bari ya ɗan kishingiɗa. Ko ciwon kai bai yi ba.

Wayarsa na cikin akwatina. Na cire batirin tun ranar sadakar uku. Har yau, duk rabin awa sai ta yi haske: Mai kula bai amsa ba.

Kai Mubarak, da kake koyon kwamfuta. In an kira sallar Juma'a, tashi ka bi mutane. Kada ka yarda a bar ka kai kaɗai a ɗakin sanyi.